Kwalbar Fitsarin Baƙuwa

Tun ranar Litinin karyar ta fara tsugunawa a tsakar gida. Ta tsuguna ta yi ɗigo biyu, ta miƙe ta yi taku uku, ta sake tsugunawa. Maame Gyamfua tana zaune a bakin ɗakinta na bayan kicin tana kallonta. Ta riga kowa gane ciwon, don ita ma kwananta goma sha biyu ke nan tana irin wannan tsugunon.

Shekararta arba'in da ɗaya a gidan nan na Tafo, cikin Kumasi. Da mijinta Bediako ya mutu bara, dangi suka ba ɗan ƙanwarsa Ampofo gado, kamar yadda aka saba a nan, inda ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa. Aka zuba wa kakanni giya a ƙasa, Ampofo ya ɗaga hannu ya ce zai riƙe matar kawunsa tamkar uwar da ta haife shi. Ba ta ko cire baƙin zanen takaba ba ya mayar da ita ɗakin gawayi, ya gina kejin karnukan da yake kiwo yana sayarwa a inda take shanya.

Babbar karyar, mai kai kamar turmi, matarsa Konadu ce ta raɗa mata suna. A nan ba a sa wa kare suna a banza. Maganar da ba ka iya gaya wa mutum a ido, sai ka liƙa wa karenka, ka yi ta kira yana ji. Konadu ta sa mata Baƙuwa.

"Baƙuwa, har yanzu cin bai ishe ki ba?" Haka take cewa da safe, fuskarta na kallon ɗakin gawayi. "Baƙuwa, yaushe za ki san gidan nan ba naki ba ne?"

Ita kuwa karyar ba ta san da wannan ba. Da tsohuwar ma ta shaƙu. Ba ta cin abinci sai daga hannunta.

Ranar Laraba Ampofo ya kira likitar dabbobi, Dokta Oforiwaa, wata doguwa mai gajeren gashi. Ta durƙusa tana latsa marar karyar, tana tambaya. Ampofo bai san amsar ko ɗaya ba, dole aka kira Maame.

"Sau nawa take tsugunawa?"

"Ba ya ƙirguwa, 'yata. Ta je ta dawo, kamar ba ta yi ba."

"Akwai jini?"

"Akwai. Kamar ruwan da aka wanke nama."

"Tana kuka in tana yi?"

"Ba ta kuka, daurewa take. Amma zafin kamar an zuba barkono ne. Nan ƙasan cibiya kuma kamar an ɗora dutse."

Likitar ta ɗago tana murmushi. "Maame, ita ta gaya miki?"

Ampofo ya fashe da dariya. "Hira suke yi, Likita. Ƙawaye ne. Duk gulmar gidan nan su biyu ke yin ta."

"'Yata, ai ni ma..."

"Maame, kokonki zai ƙone a wuta," in ji Konadu da wata lallausar murya da ba ta fito da ita sai an yi baƙi. Ta kama ta a gwiwar hannu ta juya da ita wajen kicin.

Daga can Maame ta ji sauran bayanin. Ciwon mafitsara ne. Ƙwaya goma sha huɗu, ɗaya safe ɗaya yamma, kwana bakwai. Ko karyar ta warware a kwana na uku kada a tsaya, don ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai, in suka dawo maganin ba zai ƙara cin su ba. A cika mata ruwa mai tsabta, ta sha iya shanta. Kada a kulle ta a keji ta riƙe fitsari.

Da motar likitar ta fita, Maame ta tari Ampofo a baranda.

"Ampofo, ɗana, abin da ke damun karyar nan shi ke damuna. Ka kai ni asibiti."

Bai ɗaga kai daga wayarsa ba. "Tsufa ne, Maame. Duk tsohuwa tana yawan fitsari."

"Tsufa ba ya fid da jini."

"Katin asibitinki ya daina aiki. Sai an sabunta shi, layin kuwa wuni guda ne."

"To gobe."

"Gobe ina da masu zuwa ganin 'yan kwikwiyo. Asabar jana'iza biyu gare ni, ɗaya a Ejisu. Ki bari sati mai zuwa." Ya miƙa mata takardar ƙwayoyin. "Ga wannan. Kin ji dai abin da aka ce. In kika tsallake ko ɗaya, ni da ke ne. Ranar ashirin ga wata za a kai ta wajen namiji."

Da yamma ta tarar da kwaɗo a ƙofar banɗaki.

"Sau goma sha kike shiga a wuni," in ji Konadu. "In kika fito ba mai iya shiga. Yarana su kwashi cuta?" Ta tura mata wani tsohon bokitin fenti da ƙafa. "Ga naki. Kuma ki rage shan ruwa. Abin da bai shiga ba ai ba ya fita."

Washegari famfon tsakar gida ma aka sa masa kwaɗo. Kofi biyu na ruwa ake ajiye wa Maame a bakin ƙofa. Ita ce dai mai cika wa karyar babban kwanonta, Konadu na tsaye da makulli a hannu. In ta juya baya, Maame sai ta ɗebi ruwan da tafin hannu ta kurɓa kafin ta ajiye.

Ƙwayar fara ce, doguwa, da tsaga a tsakiyarta. Ranar farko Maame ta cusa ta cikin dokunu, tuwon masarar nan, da ɗan kifi, karyar ta haɗiye. Rana ta biyu da safe, bayan ta taso daga kan bokitin tana riƙe da bango, gumi na bin wuyanta, ta daɗe tana kallon tsagar nan. Kamar dai an yi ta ne don mutum biyu.

Da ta so, da ta shanye duka ta ba karyar dokunu zalla, ba mai sani. Amma tun da take a ɗakin gawayin nan ba ta taɓa sa loma a baki ba sai ta gutsura wa karyar. Ta sa farce ta ɓalle ƙwayar.

"Ƙawata, raba daidai," ta ce a hankali. "Rabi naki, rabi nawa. Kada ki gaya wa kowa."

Karyar ta lashe mata yatsu.

A kwana na huɗu dukansu suka ji sauƙi. Karyar ta koma bin ƙadangaru. Maame ta wanke zannuwanta, har ta taya Konadu dakan fufu, tana juya shi a turmi ba a sa ta ba. Ampofo ya ce likitar nan ta san aikinta. Maganar asibiti ba wanda ya ƙara tayar da ita, har ita Maamen.

Kwana biyar da ƙarewar ƙwayoyin, ciwon ya dawo. Karyar ta yi fitsarin jini a kan tayil ɗin baranda. Na Maame bai tsaya a mara ba, ya haura ya kama ta a kwiɓi, can baya, kamar an soka mata ƙusa.

Ampofo ya zo ya tsaya mata a ka. "Kin ba ta duka?"

"Duk safe duk yamma ta sha."

"To me ya dawo da shi?"

"Bediako, ka daina yi mini tsawa, kaina ke ciwo."

Maame ta ji sunan da ya fita daga bakinta, ta rasa ta inda ya fito. Tun jiya abubuwa ke rikice mata. Ta nemi gadonta na katako a inda buhunan gawayi suke.

"Ka ji ko?" in ji Konadu. "Da matattu take hira yanzu. Na gaya maka abin da aka gani a wurin addu'a. An ce akwai tsohuwa a gidan da ba ta son ka ci gaba. Karyar da ke cin abinci a hannunta kullum, ita ce ba ta warkewa. Kai ba ka lissafi?"

"Ni ba na son maganar maita."

"Kada ka so. Ka zauna har ta gama da karnukan ta dawo kan yaranka."

Maame ta ce, "Ampofo, sati mai zuwan da ka ce ya zo ya wuce."

"Ki bari in ji da abu ɗaya tukuna."

Ya ɗauki karyar a mota zuwa wajen likita, ya shimfiɗa mata tawul a kujerar baya. Da ya dawo, wata 'yar kwalba ce a hannunsa mai jan murfi, cikin leda.

"Ki buɗe kunne. Likita ta ce maganin farko bai ci ba. Gobe da safe, fitsarin farko, ki bar na farkon ya zuba, ki tari na tsakiya da ludayin da aka tafasa, ki juye nan. Kada yatsanki ya taɓa ciki. Za su kai ɗakin gwaji su raini ƙwayar cutar kwana uku, su gwada mata magunguna ɗaya bayan ɗaya, su ga wanda ke kashe ta. Sannan a ba da daidai shi."

"Daidai shi," Maame ta maimaita.

"Abin da na ce ke nan."

Gari na wayewa ta bi karyar bayan keji da ludayi. Karyar ta tsuguna, ta tara, ta samu kusan rabin ludayi. Ta tsaya da shi a hannu. Wato akwai wurin da ake zama kwana uku a kan fitsari, a bi shi da magani har a gano wanda ya dace. Ta dubi karyar. Ciwo ɗaya ne, a ganinta, maganin da ya fito zai yi musu su biyu. Nata dai ya fi tsanani, gara a auna da mai tsananin.

"Ki yafe mini, ƙawata," ta ce. Ta tuntsurar da ludayin a gindin agade.

Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ta daɗe kafin ta tara abin da zai rufe gindin kwalbar, tana cije da bakin zanenta.

Ampofo ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga ta a haske ya ga yadda ta yi duhu da kauri, ya girgiza kai. "Kai, baiwar Allah tana shan wahala." Ya naɗe ta da hankici, ya sa cikin 'yar kula mai ƙanƙara, ya ajiye a kujerar gaba. Maame ta jingina da bango tana kallon motar har ta fita. Rabonta da shiga motar nan tun ranar da aka binne Bediako.

Ranar nan ba ta iya cin komai ba. Washegari sanyi ya kama ta da tsakar rana, haƙoranta na haɗuwa, ta lulluɓa da duk zannuwanta har da buhun gawayin da babu komai ciki. Ta yi amai. Konadu ta leƙo ta toshe hanci.

"Zazzaɓin sauro ne. Ga dogon yaro can a bakin titi, ki dafa ki sha."

"Ba na iya tashi."

"Kin iya tashi ai in za ki je wajen karya."

Rana ta uku ba ta je wajen karyar ba. Karyar ce ta zo ta kwanta a bakin ƙofa, ta ƙi abincin da Ampofo ya kai mata. Bokitin fentin ya cika ba mai zubarwa. Ampofo ya tsaya daga nesa ya ce, "Maame, ki daure. Da zarar sakamakon nan ya fito na huta, sai mu duba naki."

Ranar Juma'a da hantsi ta ji tsayuwar mota, ta ji an bugo ƙyaure da sauri. Muryar Dokta Oforiwaa ce.

"Ina take? Tana iya tsayuwa? Na zo da ruwan ƙari da allurai. Ciwon ya kai ƙoda, kuma ƙwayar cutar ba ta jin maganin da na ba da."

Sai haushi, da ƙarar sarƙa. Karyar ta taso tana kaɗa wutsiya. Likitar ta dudduba ta.

"Jikinta ba zafi," in ji likitar. "Idonta garau. Na danna ƙodarta ko gezau. Tana da ciwo, amma ba wannan da ke takardar ba. Mai wannan fitsarin ba ta isa ta yi tsalle ba. Wa ya ɗeba?"

"Tsohuwar."

"Kira ta."

"Tana ɗan hutawa," in ji Konadu. "Likita, ki shigo falo mana, ga ruwan sanyi..."

Takun ya nufo ɗakin gawayi. Haske ya faɗo ciki. Likitar ta ja numfashi ta tsaya, sannan ta durƙusa ta sa hannu a goshin Maame, ta janye da sauri. Ta zagaya da hannun ta danna kwiɓinta ta baya. Maame ta yi wata ƙara da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

"Maame. Na wa ne a kwalbar?"

"Nawa ne, 'yata."

"Don me?"

"Na ga nata ake dubawa."

Likitar ta tallafo mata kai. Maame ta ci gaba.

"Ƙwayar ma rabi-rabi muka sha. Ban cuce ta ba, daidai na raba."

"Kun cutu ku biyun, Maame. Rabi ba ya kashe cuta, koya mata faɗa yake yi." Ta juya wajen ƙofa, inda Ampofo da matarsa suke tsaye. "Tun yaushe take haka?"

Ampofo yana kallon takardar da ke hannunta. "Wato ke nan ba a gwada na karyar ba?"

"Tambayarka na yi."

"Ni ma tambaya nake. Saura kwana huɗu a kai ta wajen namiji. Kin san abin da matar nan ta ja mini?"

"Ɓarauniya," in ji Konadu. "Har maganin kare. In aka ji wannan a coci, da wane ido za mu kalli mutane?"

Likitar ta miƙe. "Kawo motarka bakin ƙofa. Yanzu."

"Jiya aka wanke kujerun. Kin ga halin da take ciki. A samo tasi mana."

"Karyar a ina take zama in za ka kawo mini ita?"

"Ita ai ana shimfiɗa mata tawul."

"To ɗauko tawul ɗin."

Bai motsa ba. Likitar ta fita titi ta kira matar da ke gasa agade a ƙofar gidan, su biyu suka ciccibi Maame. Da Konadu ta ga za a bi da ita ta gaban maƙwabta, ta ruga ta ɗauko sabon zane ta yafa mata, tana cewa da ƙarfi, "Sannu Maame, sannu uwarmu." Suka kwantar da ita a bayan motar likitar, tsakanin akwatin allurai da takunkumin karnuka. Karyar ta bi su har ƙyaure, sarƙa ta fizge ta.

A asibiti likitar ta miƙa takardar gwajin ta ce a nuna wa likitan mutane, sunan ƙwayar cutar da maganin da ke cin ta duk suna ciki, kada a ɓata wasu kwana ukun. Magatakardar ta jawo sabon kati.

"Sunanta?"

Sau nawa Dokta Oforiwaa tana shiga gidan Ampofo, ba ta taɓa jin an kira sunan ba. Ta sunkuya kan keken da aka ɗora Maame. "Maame, yaya sunanki?"

Maame ta buɗe ido. A wannan lokacin kanta sarai yake.

"Ki rubuta na jikin takardar. Da shi ake kirana a gida."

Layi ya yi tsawo a bayansu. Magatakardar ta duba saman takardar ta kwafe.

Aka sa mata ruwa, aka yi mata allurar da takardar ta nuna. Likitan ya ce da sati biyu da suka wuce aka kawo ta, da ƙwayoyin kwana bakwai sun ishe ta. Cutar ta riga ta shiga jini. Ranar Lahadi, ana tsakar waƙa a cocin da ke tsallaken titi, ta cika.

Litinin Ampofo ya zo cikin baƙin mayafi, kafaɗa ɗaya a waje, da dattawan dangi biyu a bayansa. Ya ce ya zo karɓar takardar gawar Gyamfua. Magatakardar ta bi littafinta da yatsa har ƙasa, ta koma sama.

"Babu mai wannan sunan. Tsohuwa ɗaya ce ta rasu jiya a ɗakin mata. Baƙuwa."

Dattawan suka dubi juna. Sun sha jin ana kiran sunan nan a gidan, sun kuma san wa ake nufi.

"Ita ce," in ji Ampofo.

"Mece ce ɗinka?"

"Uwata ce."

Ta rubuta.

Bayan sati shida aka yi jana'iza. An tare titi da rumfuna, an kawo makaɗa, an buga hotonta a babban allo a mararraba, wani tsohon hoto tun tana da ƙiba. Konadu ta yi kuka har aka riƙe ta. An cire kwaɗon banɗaki saboda baƙi, an wanke ɗakin bayan kicin an mayar da gawayi.

Karyar kuwa an sake ɗebo nata fitsarin, aka gano maganinta. Da yake ta ƙi karɓa daga hannun kowa, Ampofo da kansa yake durƙusawa safe da yamma, ya buɗe mata baki, ya tura ƙwayar, ya shafa mata maƙogwaro yana lallashinta. Goma sha huɗu cif, bai tsallake ko ɗaya ba. Ta warke.